Ku Tambayi Malamin Lissafi: Layin da Ya Gitta Wani a Kan Digiri 90

Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya. Da alama 'yan babbar sakandare sun iso darasin miƙaƙƙen layi, shi ya sa na tsamo guda biyar da suka shafi abu ɗaya, na ajiye na kusurwoyin da'ira sai fitowa ta gaba. Na datse gaishe-gaishen saboda ƙarancin fili. Ina amsawa, na kuma gode.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar SS 3 a Kumo. An ba mu aikin gida mu nemo ikweshan na layin da ya bi ta ɗigon (4, 1), ya kuma gitta layin 2x + 3y = 6 a kan digiri 90, wato fafendikula. Na ɗauki giradiyen (ma'aunin karkatar layi) 2, na juya shi na sauya alama kamar yadda aka koya mana, na samu −1/2. Amsata ta fito x + 2y = 6. Na sa 4 da 1 a ciki, ta ba ni 6 cif. Amma malaminmu ya soke da jan biro. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai zalunce ki ba, amma ke ma kin yi abin da yawancin 'yan ajina ba sa yi sai na tsaya a kansu, wato kin gwada amsarki. Matsalar dai tambayar sharaɗi biyu ta gindaya, ke kuma ɗaya kika gwada. Layinki ya bi ta (4, 1), wannan ba gardama. To amma layukan da za su iya bi ta wannan ɗigon ba su ƙirguwa, kuma ɗaya tak ne a cikinsu ya gitta wancan layi a kan digiri 90. Shi ake nema.

Tun a mataki na farko ɓarnar ta shiga. Wannan 2 da kika gani manne da x ba shi ne giradiyen ba. Lambar da ke manne da x ba ta zama giradiyen sai y ya tsaya shi kaɗai a gefe guda, ba ya goye da wata lamba, wato a siffar y = mx + c, inda m shi ne giradiyen. A tambayarki y yana goye da 3. Sai an sauke masa ita tukuna:

2x + 3y = 6
3y = −2x + 6
y = −(2/3)x + 2

Ashe giradiyen ɗin −2/3 ne. Kada ki bar shi lamba kawai a takarda, ki tambayi kanki me yake cewa. Cewa yake yi: duk taku uku da kika yi zuwa dama, layin ya sauka taku biyu. Duba ki gani. Layin ya taɓa (0, 2), ya kuma taɓa (3, 0). Daga na farko zuwa na biyu uku ne dama, biyu ƙasa. Naki layin kuwa, mai −1/2, biyu dama ne, ɗaya ƙasa. Dukansu gangarawa suke yi ɓangare ɗaya, kusurwar da ke tsakaninsu kimanin digiri 7 ce kawai. Da kin zana su ko da hannu ne a gefen takarda, ba rula ba komai, da idonki ya gaya miki kafin jan biro ya gaya miki. Layi biyu masu karkata ba sa haɗuwa a digiri 90 sai ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka.

Yanzu ga inda ƙa'idar da aka koya muku take aiki, kuma kin iya ta. Ki juya −2/3, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama, ki sauya alamar: 3/2. Ki ninka su biyun don ki tabbatar: −2/3 sau 3/2 ya ba da −1. Muddin ba −1 ba ne, ki tsaya nan, kada ki ƙara taku.

Saura ɗigon. Ana rubuta y − y₁ = m(x − x₁), ɗalibai kuma su haddace shi kamar wata addu'a, alhali ba komai ba ne illa giradiyen ɗin da aka sake rubutawa. Ki tsaya a (4, 1), ki kalli kowane ɗigo (x, y) da ke kan sabon layin. Hawan da za ki yi kafin ki isa gare shi y − 1 ne, tafiyar da za ki yi dama kuma x − 4. Hawa bisa tafiya dole ya zama 3/2. Shi ke nan:

y − 1 = (3/2)(x − 4)
2y − 2 = 3x − 12
3x − 2y = 10

Na ninka ɓangarorin biyu da 2 tun da wuri don in rabu da biyun da ke ƙasa. Ki riƙa yin haka. Mafi yawan makin da ke zubewa a wannan darasi wajen jan firakshan, wato lamba mai sama da ƙasa irin 3/2, har ƙarshen aiki yake zubewa. Gwaji na farko: 3 sau 4, a cire 2 sau 1, ya ba da 10, layin ya bi ta ɗigon. Gwaji na biyu, wanda kika tsallake: 3x − 2y = 10 ya koma y = (3/2)x − 5, giradiyen 3/2, in an ninka da −2/3 a samu −1. Idan ƙawarki ta rubuta 3x − 2y − 10 = 0, wata kuma 2y = 3x − 10, kada ku yi musu, duk layi ɗaya ne. Sai dai in mai tambaya ya faɗi siffar da yake so, to a ba shi ita.

Akwai gajeriyar hanya, kuma zan ba ki ita da sharaɗi. Kalli tambayar da amsar kusa da juna: 2x + 3y a can, 3x − 2y a nan. Lambobin sun yi musayar gurbi, ɗaya ta sauya alama. Kullum haka ne: in an ba ki ax + by = c, layin da ya gitta shi a kan digiri 90 zai zama bx − ay = wata lamba, kuma ɗigon ne zai gaya miki lambar. Ki rubuta 3x − 2y, ki zuba 4 da 1, ki samu 10, kin gama. A jarrabawar JAMB, inda ake da tambaya 180 cikin awa biyu, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 in an raba daidai, wannan hanya ita ce taki. Amma a ɓangaren rubutu na WAEC ko NECO ki bi doguwar, ki rubuta kowane mataki. Masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar aiki daban, a kan amsa daban. Wadda ta nuna ta fitar da −2/3, ta juya shi zuwa 3/2, sannan ta yi tuntuɓe a ƙarshe, ta tsira da wani abu. Wadda ta rubuta amsa tsurarta ta kuskure ba ta da ko anini.

Tunda muna kai, ga wani rami da ke jiranki gaba kaɗan. Idan ɗigon yana da mainos, misali (−2, 5), giradiyen kuma −2, to x − (−2) ya zama x + 2. Aikin zai tafi haka: y − 5 = −2(x + 2), ya ba da y = −2x + 1. Mai gaggawa zai rubuta x − 2, ya ƙare da y = −2x + 9. In ya zuba −2 a ciki zai samu 13 a maimakon 5, asirinsa ya tonu nan take. Wannan kam irin gwajin da kika riga kika saba ne zai kama shi. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina karatun NCE a nan Gombe, ina shirin fita koyarwar gwaji, kuma wannan darasi yana cikin abin da zan koyar. Tsorona kada wani yaro ya tambaye ni dalilin da ya sa sai −1, ba −2 ko sifili ba. Mu dai haddacewa muka yi.

Amsa: Ƙanena, in yaro ya yi maka wannan tambaya ka gode Allah, ka samu ɗalibi. Kada ka ce masa "haka ƙa'idar take". Da wannan amsar ce muka kashe wa yara da yawa sha'awar lissafi.

Ka aro bulo biyu masu inci tara daga duk inda ake gini kusa da makarantar. Fuskar irin wannan bulo tsawonta kusan inci 18 ne, tsayinta inci 9. Ka kwantar da su a kan tebur yadda birkila ke jera su, ka ja wa kowanne layi da alli daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Tambayi yaran giradiyen ɗin layin. Tafiya 18, hawa 9, wato 1/2. Yanzu ka mirgina ɗaya hagu ya tashi tsaye a kan ƙaramin gefensa, ka matso da shi ya jingina da ƙarshen na kwance ta hagu. Layukan allin biyu za su haɗu a ƙasa, su buɗe sama. Babu yaron da zai yi maka gardama cewa digiri 90 ne tsakaninsu, domin da idonsa ya ga ka juya bulon rubu'in zagaye, layin da ke jikinsa kuma dole ya juya tare da shi.

Sai ka sa su karanta sabon layin. Abin da yake tafiya ɗazu, 18, ya koma hawa. Abin da yake hawa, 9, ya koma tafiya, amma hagu ya yi, ba dama ba. Giradiyen 18 bisa −9, wato −2. Ga juyawar, ga sauya alamar, duk a kan tebur. Kuma babu wani abu na musamman a 18 da 9. In tafiya a ce, hawa b, giradiyen b/a ne. Bayan mirginawa ya zama −a/b. In ka ninka su, a ta cinye a, b ta cinye b, ba abin da ya rage sai −1. Idan ɗaukar bulo ya yi maka nauyi, kwalin ashana biyu ko littafin rubutu biyu sun isa, sai dai na bayan aji ba za su hango da kyau ba.

Masu kaifin basira a cikinsu kuma, ka ba su hujjar da ta bi ta ƙa'idar Fitagoras, wadda ta ce a alwatika mai kusurwar digiri 90, in an ninka kowane gefe da kansa, na dogon gefen daidai yake da jimlar na sauran biyun. Ka ɗauki layi biyu da suka fita daga (0, 0), y = m₁x da y = m₂x. Inda x yake 1, na farko yana (1, m₁), na biyu yana (1, m₂). Ɗigon nan biyu da (0, 0) sun yi alwatika. In kusurwar da ke (0, 0) digiri 90 ce, to gefen da ke fuskantarta shi ne dogon, tsawonsa kuma bambancin m₁ da m₂. Saboda haka:

(1 + m₁²) + (1 + m₂²) = (m₁ − m₂)²

Buɗe bakan da ke dama, m₁² da m₂² su tafi daga ɓangarorin biyu, ya rage 2 = −2m₁m₂, wato m₁m₂ = −1. Layi uku ne kacal a allo.

In lokaci ya rage, ka faɗa musu cewa matsalar ta girmi x da y nesa ba kusa ba. Yuklid, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna yadda ake sauko da irin wannan layi daga ɗigo zuwa wani layi da rula da kamfas kawai, ba lamba ko ɗaya. Aljabara kuwa ta samu tsarinta da sunanta a hannun Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi a Bagadaza, a ƙarni na 9. An daɗe kowanne yana tafiyarsa daban kafin wasu Faransawa biyu, Rene Dekart wanda ya buga aikinsa a 1637 da Piyer Ferma wanda ya gano irin hanyar a zamani ɗaya da shi, su nuna ana iya maida layi ikweshan, a warware zane da lissafi. Darasin da za ka koyar a nan aka haife shi. Ka dai kula kada labarin ya cinye maka minti arba'in ɗin, mai duba ka yana zaune a baya da biro.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Bajoga. An ce in nemo layin da ya gitta y = 3 a kan digiri 90 ta ɗigon (5, 7). Giradiyen sifili ne. Da na juya shi kalkuleta ta ƙi ba ni amsa. Ko tambayar ce ba daidai ba?

Amsa: Tambayar lafiyarta ƙalau, ɗana, kalkuletar ma haka. Ba a raba lamba da sifili, shi ya sa ta ƙi. Ajiye ta ka zana. Layin y = 3 a kwance yake shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Abin da zai gitta shi a kan digiri 90 dole ya tsaya ƙyam. Layin da ke tsaye ƙyam ba shi da giradiyen da za a rubuta, domin yana hawa ba tare da ya matsa dama ko hagu ba, kuma duk ɗigon da ke kansa x ɗinsu ɗaya ne. Tunda ya bi ta (5, 7), amsarka x = 5. Da x = −2 aka ba ka da ɗigon (6, 4), sai ka kwantar da naka: y = 4. Ƙa'idar −1 ba ta shafi wannan tagwayen ba. Gajeriyar hanyar da na ba 'yar Kumo a sama kuwa ba ta gaza a nan: y = 3 daidai yake da 0x + 1y = 3, a yi musaya a samu 1x − 0y, a zuba 5 da 7, ya ba da x = 5.

Tambaya: Malam, ni manomin rani ne a Dadin Kowa, yarona ne ya rubuta mini wannan. Kullum dare yana kan x da y har ya ƙarar mini da batirin tocila. Na ce masa ni igiya da taku na sani, da su na auna gonata tun ba a haife shi ba. Ya ce wai da lissafin nan zai iya gaya mini inda zan haɗa bututu daga kanal zuwa gonata ba tare da na yi asarar bututu ba. Gaskiya ya faɗa ko wayon ɗan boko ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma da albarkar noma. Gaskiya yaron ya faɗa muku, kuma ku ma kuna da taku gaskiyar. Bari in fara da tasa.

Hanya mafi kusa daga kowane wuri zuwa miƙaƙƙen kanal ita ce wadda ta same shi a kan digiri 90. Duk wadda ta karkata dama ko hagu ta fi ta tsawo. Ba ku aiko da awo ba, don haka zan ƙago nawa mai sauƙin lissafi, yaron ya maye da na gaskiya. A kafa turke a bakin kanal, a kira shi (0, 0). A ce kanal ɗin ya miƙe ta yadda duk mita 4 da ya yi gabas sai ya yi mita 3 arewa. Ikweshan ɗinsa y = (3/4)x, ko 3x − 4y = 0. A ce kuma wurin da kuke son ruwan ya zuba yana mita 14 gabas da turken, mita 48 arewa da shi, wato (14, 48).

Giradiyen na kanal 3/4, na bututu zai zama −4/3. Layin bututu 4x + 3y ne daidai da wata lamba. A zuba 14 da 48: 56 da 144, jimla 200. To 4x + 3y = 200. Yanzu a nemo inda shi da kanal suka haɗu. A sa (3/4)x a gurbin y: 4x da (9/4)x sun zama (25/4)x, daidai da 200, don haka x = 32, y = 24. Daga (14, 48) zuwa (32, 24) mita 18 ne gabas, 24 kudu, tsawon bututu mita 30 ke nan. Wurin haɗawar kuma yana mita 40 daga turken in an bi bakin kanal. Wannan shi ne abin da yaron zai faɗa muku a gona: Baba, a auna arba'in daga turke, nan za a haɗa.

Ga inda kuɗi yake. Da kun miƙe kudu sak daga gonar, sai kun ci mita 37 da rabi kafin ku taɓa ruwa. Da gabas kuka miƙe, mita 50. In bututun da kuke saye mai tsawon mita 6 ne, hanyar yaron guda 5 za ta ci, ta kudu 7, ta gabas 9. Ku ninka bambancin da farashin da ake sayarwa yau a kasuwa, ku cire kuɗin batir, ku ga wa ke bin wani bashi.

Yanzu taku gaskiyar. Igiyarku za ta iya nemo wurin nan ba x ba y. Ku ɗaura ta a turke a inda ruwan zai zuba, ku ɗauki tsawon da ya ɗan zarce nisan kanal, a misalinmu a ce mita 34. Ku ja ta ta miƙe, ku zagaya da bakinta har ya taɓa gefen kanal ta hagu, ku sa alama. Ku koma ya taɓa ta dama, ku sa alama. Tsakiyar alamomin nan biyu shi ne wurin. A lissafi alamomin za su faɗa a mita 24 da mita 56 daga turken farko, tsakiyarsu 40, daidai da abin da yaron ya samu. Wannan ita ce dabarar Yuklid da na ambata wa mai tambaya na biyu, igiya ce kawai ta maye gurbin kamfas. In kuna son ƙarin tabbaci, ku yi yadda magina ke yi in za su fitar da kusurwar fandesho: mita 3 a bakin kanal, mita 4 a kan hanyar bututu, tsakanin bakinsu ya zama mita 5 cif. In ya haura ko ya gaza, kusurwar ba ta zauna ba.

A ganina, don bututu ɗaya a gona ɗaya, igiyar ta wadatar, ta ma fi sauri. Lissafin yaron yana fara cin kasuwarsa ne inda igiya ba ta kai: nisan kilomita, ko tudu ko gidaje a tsakani, ko in ana so a san adadin kayan da za a saya tun ba a taka wurin ba. In kuna da takardar safiyo ta wani fili, ku ba shi ya duba. Lambobin da ake rubutawa na duwatsun iyaka, na gabas da na arewa, x da y ɗin nan ne, kuma da irin wannan aikin ake fitar da layin titi da na lambatu da iyakar filoti.

Abu biyu lissafin takarda bai gani ba, ku ne za ku gani. Ya ɗauka ƙasar a shimfiɗe take. In gajeriyar hanyar ta bi ta kan tudu, ko ta ratsa gonar maƙwabci, to mai mita 37 ɗin tana iya fi muku kwanciyar hankali. Sannan kafin a taɓa jikin kanal a nemi izinin masu kula da shi.

Tambaya: Malam, daga Kaltungo nake. Na zana y = 2x da y = −(1/2)x a takardar giraf. In an ninka giradiyen ɗinsu −1 ne, amma da na sa ma'aunin kusurwa ban samu ko kusa da 90 ba. Na yi amfani da santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 a layin y.

Amsa: Kin amsa kanki a jimlar ƙarshe, 'yata. Sikelin da kika zaɓa ya danne zanen daga sama sau biyar. Layin da ya kamata ya hau santimita 2 a duk santimita 1 yanzu 2/5 kawai yake hawa a ido, ɗayan kuma 1/10 yake sauka. Ma'aunin kusurwa zai ba ki kimanin digiri 27 da rabi ta ƙaramin ɓangaren. Lissafinki daidai ne, takardar ce ta murɗe hoton. Sake zanawa da sikeli iri ɗaya a x da y, 90 ɗin zai fito. A jarrabawa sau da yawa su ne ke ba da sikeli mabambanta don zanen ya shiga takarda, ki bi nasu, amma a irin wannan giraf kada ki yanke hukuncin kusurwa da ido ko da ma'auni. Ki ninka giradiyen.

Aikin wannan wata: layi ya bi ta (1, 7) da (5, −3). Ku nemo ikweshan na layin da ya gitta shi a kan digiri 90 ta ɗigon (−5, 3), ku kuma faɗi inda ya yanka layin y. A turo da matakan aiki da gwaji biyun, a rubuta gari da aji. Amsa tsurarta ba za ta shiga fili ba.